Wasan da Ya Yi wa Addinin Mormon Ba'a, Dutsen Ya Sauka a Kan Uganda

A ranar 24 ga Maris ta shekarar 2011 aka buɗe wani wasan daɓe mai haɗe da waƙa da rawa a gidan wasa na Eugene O'Neill da ke yankin Broadway a birnin New York, aka raɗa masa suna The Book of Mormon, wato sunan littafin da mabiya wani addini ɗan asalin Amurka suke riƙe da shi a matsayin saukakke. Tun kafin a ɗaga labule mutane suka zuba ido su ga irin ƙurar da za ta tashi, saboda biyu daga cikin marubutan, Trey Parker da Matt Stone, su ne masu shirin zanen barkwanci na talabijin mai suna South Park, wanda tun 1997 bai ƙyale mai mulki ko mai suna ko mai addini ba, na ukunsu kuwa, Robert Lopez, gwanin tsara waƙa ne da ya riga ya yi suna a wannan fage. Ƙurar dai ba ta tashi ba. Wasan ya kwashe lambobin yabo na Tony, waɗanda ake bai wa fitattun wasannin daɓe na Broadway, guda 9 a wannan shekara, ya ƙetara Landan a 2013, a 2015 kuma aka nuna shi a Salt Lake City, hedikwatar addinin da ake yi wa ba'ar, aka yi lafiya aka tashi lafiya. Abin da ya cancanci fashin baƙi shi ne yadda aka yi wanda aka nufa da jifa ya fita ba ko ƙwarzane, da kuma kan wanda dutsen ya sauka.

Ma'anar cikakken sunan wannan addini ita ce Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Ƙarshen Zamani, kuma shugabanninsa sun roƙi jama'a a 2018 da su daina kiransu Mormon, ko da yake sunan ya riga ya bi su. Wani ɗan manomi mai suna Joseph Smith ne ya kafa shi a ranar 6 ga Afrilu ta 1830 a jihar New York, bayan ya yi iƙirarin cewa wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu alluna na zinariya da ke binne a wani tudu kusa da garin Palmyra, ya fassara rubutun da ke kansu, sannan mala'ikan ya karɓe abinsa. Littafin da ya fito daga wannan fassara yana ba da labarin wasu Bani Isra'ila da suka bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙetare teku zuwa nahiyar Amurka, har shi Yesun ya ziyarci zuriyarsu a can. Mabiyan farko sun sha kora daga gari zuwa gari. A 1838 gwamnan jihar Missouri ya ba da umarnin a kore su ko a ƙare su, a 1844 kuma wasu gungun mutane suka kashe Smith a gidan yarin Carthage da ke jihar Illinois, daga nan magajinsa Brigham Young ya ja ragowar jama'ar zuwa kwarin Salt Lake, suka isa a 1847. A yau mabiyan sun haura miliyan 17 a duniya.

Cece-kuce bai taɓa rabuwa da su ba. Sun yi auren mata da yawa har zuwa 1890, lokacin da matsin gwamnatin Amurka ya sa suka janye shi, sun hana baƙar fata muƙamin limanci tun daga zamanin Brigham Young har zuwa watan Yuni na 1978, kuma har gobe ɗarikun Kirista da dama ba su yarda cewa su Kiristoci ne ba. Akwai kuma wani rauni da kowane sabon addini yake fama da shi, wato an haife shi a zamanin jarida da kotu da injin ɗab'i, saboda haka maƙwabtan wanda ya kafa shi da abokan gabansa duk sun bar shaida a rubuce, mai son yin zambo ba ya rasa abin ɗauka. Fuskar da duniya ta fi sani da su kuwa ita ce ta samarin 'yan mishan, masu farar riga da laktaye da ɗan allon suna a ƙirji, waɗanda ake turawa biyu-biyu su yi shekara biyu suna ƙwanƙwasa ƙofofin mutane a duk ƙasar da aka jefa su.

A kan waɗannan samari aka gina labarin. Price yaro ne mai ƙwazo da ji da kai, wanda ya yi ta addu'a a tura shi Orlando a jihar Florida, garin wuraren shaƙatawa, Cunningham kuwa maƙaryaci ne maras aboki da bai ma karanta littafin da zai je wa'azinsa ba. Sai aka haɗa su aka tura su wani ƙauye a arewacin Uganda, inda suka tarar da yunwa da cutar ƙanjamau da wani madugun 'yan bindiga mai son a yi wa dukan matan ƙauyen kaciya. Mutanen ƙauyen ba su da lokacin sauraren labarin allunan zinariya, har ma suna da wata waƙa mai daɗin kiɗa da suke rerawa duk lokacin da masifa ta auko, wadda daga baya samarin suka gano cewa zagin Ubangiji ce, da kalmomin da ba su faɗuwa a nan. Price ya karaya. Cunningham, da ya ga jama'a za su watse, sai ya shiga ƙaga nassi, yana cusa jaruman finafinan sararin samaniya cikin tarihin Joseph Smith, yana kuma ƙirƙiro hukunci a kan kowace matsala da ta dami ƙauyen, har mutane suka karɓi baftisma. Asiri ya tonu ranar da sababbin mabiyan suka shirya wa shugaban mishan wasan kwaikwayo na abin da aka koya musu, ya fusata ya rufe mishan ɗin. Wata budurwa 'yar ƙauyen mai suna Nabulungi, wadda ta sa rai za a kai ta Salt Lake City, ta shiga baƙin ciki, sai 'yan ƙauyen suka ce mata ai su tun farko sun san labarin misali ne kawai. A ƙarshe an koma wa'azi da sabon littafi mai ɗauke da sunan maƙaryacin.

Dabarar ba'ar tana da sauƙi, kuma a ganina nan ne gwanintar marubutan take. A waƙar da ta fi shahara, Price yana tsaye shi kaɗai, cikin murya mai motsa zuciya irin ta manyan waƙoƙin daɓe, yana jero abubuwan da ya yi imani da su ɗaya bayan ɗaya: cewa Yahudawan dā sun sassaƙa jirage sun zo Amurka, cewa gonar da aka ajiye Adamu tana wata gunduma a jihar Missouri, cewa a 1978 ne Allah ya sake shawara game da baƙar fata. Mafi yawan abin da yake faɗa yana da tushe a koyarwar addinin ko tarihinsa, marubutan sun ɗan murɗa lafazin ne kawai suka bar mai kallo ya ji shi a bainar jama'a, dariyar kuwa tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin zaƙin kiɗan da baƙuncin maganar. Duk da haka ba a nuna samarin a matsayin mugaye ko 'yan damfara ba. An nuna su masu ladabi ne, masu tsafta, masu son taimako, waɗanda kawai ba su san duniya ba. Matt Stone da bakinsa ya kwatanta wasan da wasiƙar soyayya da maras addini ya rubuta wa addini, kuma ƙarshen labarin ya gaskata shi, domin saƙon shi ne cewa ko labarin addini ƙage ne, idan ya sa mutane sun kyautata wa juna ya wadatar. Mai imani na gaske, ko wane addini yake bi, zai ga cewa wannan yabon ya fi ashar ɗin da ke cikin waƙoƙin nauyi, tunda ya mayar da saukakken littafi tatsuniya mai amfani, amma shi ne kuma ya sa ɗan kallo yake fita daga zauren yana jin samarin nan a ransa.

Ta fuskar shari'a babu ƙofar da za a bi a hana wasan. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma tun 1952 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon hana fim don kawai ya taɓa alfarmar addini. A Ingila ma an soke laifin saɓo daga doka a 2008, shekara biyar kafin wasan ya isa Landan. Abin da ya rage wa cocin shi ne ya zaɓi yadda zai mayar da martani, kuma ya zaɓa da wayo. Sanarwar da ya fitar jimla ɗaya ce tak, ma'anarta ita ce wasan zai iya nishaɗantar da mutane na dare ɗaya, littafin kuwa zai canza rayuwarsu har abada. Daga baya ya sayi shafukan talla a cikin ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo a ƙofar zaure, yana ce musu tunda sun ga wasan, yanzu sai su karanta littafin, 'yan mishan na gaske kuma suka riƙa tsayawa a bakin gidajen wasan suna miƙa wa masu fitowa kwafi. Lokacin ma ya dace da bukatarsu, domin a daidai wannan tsakani Mitt Romney, wanda ɗan cocin ne, yake neman shugabancin Amurka a zaɓen 2012, kuma cocin yana tsakiyar wani gagarumin kamfe na nuna cewa mabiyansa mutane ne kamar kowa. Jama'ar da aka taɓa ba da umarnin a ƙare kakanninta ta san bambancin tsangwama da tsokana.

Domin a ga cewa wannan zaɓi ne, sai a dubi wani sabon addinin na Amurka, wato Scientology, wanda marubucin ƙagaggun labaran kimiyya L. Ron Hubbard ya assasa, aka buɗe cocinsa na farko a Los Angeles a 1954. Wannan ƙungiya ta yi suna wajen kai masu sukarta kotu. Ta nemi diyyar dala miliyan 416 daga mujallar Time saboda wani rahoto na 1991, aka yi shekaru ana shari'a kafin a kori ƙarar, a Faransa kuma kotu ta sami ƙungiyar da laifin damfara a 2009. A ƙarshen 2003 an yi wani ƙaramin wasan waƙa a New York, wanda Kyle Jarrow ya rubuta, Alex Timbers ya ba da umarni, inda aka sa ƙananan yara suna kwaikwayon rayuwar Hubbard da koyarwarsa cikin salon wasan da yara kan yi a coci lokacin Kirsimeti. Dabarar iri ɗaya ce da wadda aka bayyana a sama, wato a ɗauko maganar mutum a sa ta a bakin da bai dace da ita ba. Cocin ya nuna rashin jin daɗinsa, masu wasan kuma suka ƙara a sunansa wata kalma da ke nuna cewa ba da izinin cocin aka yi shi ba, don kare kansu daga ƙara. Da Parker da Stone suka taɓa wannan addini a South Park a 2005, sai suka sauya sunayen duk ma'aikatan da ke ƙarshen shirin zuwa na bogi, suna shaguɓe ga ɗabi'ar kai ƙara, bayan 'yan watanni kuma mawaƙi Isaac Hayes, ɗan cocin da ke ba da murya a shirin, ya bar aikin. Kowace barazana ta zama ƙarin abin dariya, ta kuma ƙara wa jama'a zargin cewa akwai abin da ake ɓoyewa.

Bahaushe ya san ba'a iri-iri, kuma ya bambanta su. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko taubasai, yana da sharaɗi ɗaya da ba a rubuta ba, wato kowa yana da bakin ramawa, shi ya sa ake tashi ana dariya. Zambo kuwa mawaƙi ne yake riƙe da kalangu, wanda ake yi wa yana can nesa ba shi da makaɗi. Idan aka auna wasan nan da wannan ma'auni, za a ga cewa tsakanin marubutan da 'yan Mormon wasan taubasai aka yi. Parker da Stone sun tashi ne a jihar Colorado, maƙwabciyar jihar Utah inda Salt Lake City take, sun san 'yan Mormon tun suna yara, sun je har wuraren tarihin addinin sun yi bincike, saboda haka duk abin da suka faɗa a kansu sun faɗe shi da sani, su kuma waɗancan suna da kuɗi da ofishin hulɗa da jama'a da za su rama cikin raha. Mutanen Uganda ne aka yi wa zambo.

Ƙasar da aka nuna a daɓen ba ta yi kama da Uganda ba sai a suna. Kalmomin waƙar zagin nan ba na wani harshe ba ne, ƙaga su aka yi don a kwaikwayi wata sananniyar waƙar fim ɗin yara mai kalmomin Sawahili. Sunan madugun 'yan bindigar an aro shi ne daga laƙabin wani madugun yaƙin basasar Laberiya, ƙasar da ke ɗaya gefen nahiyar. Kaciyar mata, wadda aka mayar kamar ruwan dare a ƙauyen, al'ada ce ta wasu ƙananan ƙabilu a gabashin ƙasar, kuma majalisar Uganda ta haramta ta da dokar da ta fara aiki a 2010, kafin a buɗe wasan. Game da ƙanjamau, Uganda tana cikin ƙasashen da aka riƙa ba da misali da su a shekarun 1990 saboda yadda suka rage yaɗuwar cutar. Ta fuskar addini kuma, fatake Musulmi sun isa fadar masarautar Buganda da ke ƙasar tun shekarun 1840, 'yan mishan na Angilika suka zo a 1877, na Katolika a 1879, har ƙasar tana da shahidanta na Kirista da ake yi wa ziyara a Namugongo duk shekara. An yi yaƙi a arewacin ƙasar, wannan gaskiya ne, kuma 'yan tawayen Joseph Kony sun yi ta'asa mai yawa, amma marubutan da suka tantance sunan gundumar da ke Missouri ba su ga bukatar tantance harshen da ake yi a Gulu, babban garin arewacin Uganda, ba. Har cikin labarin, Cunningham ba ya iya faɗar sunan Nabulungi daidai, kullum sai ya kira ta da wani abu dabam, zauren kuma ya fashe da dariya.

Masu kare wasan suna cewa da gangan aka yi haka, wai Afirkar da ake gani ita ce wadda ke cikin kan Ba'amurke, saboda haka jahilcin Ba'amurken ake yi wa dariya. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, musamman a wata waƙa da fararen samarin suke rerawa suna kiran kansu Afirka, wadda habaici ce ƙarara ga masu zuwa ceton nahiyar da kyamara a hannu, sannan a ƙarshe 'yan ƙauyen ne suka fi kowa fahimtar abin da ake ciki. Sai dai ɗan kallon da ya biya kuɗin tikiti yana da hanyar gane inda aka yi wa 'yan Mormon ƙari, tunda ga su nan a bakin ƙofa da littafi a hannu, amma ba shi da abin da zai gwada Ugandar daɓen da shi in ban da irin hotunan da suka haife ta.

Wani abin mamaki shi ne, tarihin wannan addini a Afirka ta Yamma ya juya labarin wasan a kife. Tun shekarun 1950 da 1960 wasu mutane a kudu maso gabashin Najeriya da kuma Ghana suka ci karo da ƙasidun cocin, suka kafa jama'o'insu da sunansa ba tare da ɗan mishan ko ɗaya ba, suka yi ta aika wasiƙu Salt Lake City suna roƙon a zo a yi musu baftisma. Cocin ya yi ta jan ƙafa, saboda a tsarinsa kusan kowane namiji mai bi yana riƙe da muƙamin limanci, kuma da shi ake jagorantar ibada, to yaya za a kafa reshe a ƙasar da kowa baƙi ne? Da labarin wariyar ya fito a jarida, gwamnatin Najeriya ta ƙi ba 'yan mishan ɗin biza, sannan yaƙin basasa ya zo ya rufe maganar. Wani malamin makaranta mai suna Anthony Obinna a ƙasar Ibo da Joseph Johnson a Ghana sun yi shekaru suna jagorantar mabiya suna jira, sai bayan an ɗage haramcin a 1978 aka zo aka yi musu baftisma a ƙarshen wannan shekara. Gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin a Ghana daga 1989 zuwa 1990, amma ya farfaɗo, ya buɗe babban haikali a Accra a 2004, wani kuma a Aba a 2005. Duk wannan abu ne da mai zambo zai iya yin kwana yana sassaƙa, domin ga masu ƙwanƙwasa ƙofa an bar su a waje shekara da shekaru, kuma masu ƙofar su ne 'yan mishan, amma wasan ya taƙaita shi a layi ɗaya na waƙar Price.

Ƙorafin da ya yi tasiri daga ƙarshe daga cikin gida ya fito. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen wasa, kisan George Floyd kuma ya tayar da muhawara a kan wariyar launin fata a Amurka, wasu baƙaƙen fata daga cikin 'yan wasan, na dā da na lokacin, suka rubuta wa marubutan wasiƙa suna neman a sake duba yadda aka nuna 'yan Uganda. An zauna da su, kuma da aka sake buɗe wasan a New York a watan Nuwamba na 2021 an ga canje-canje. A dā Nabulungi tana buga wasiƙa da tsohuwar tafireta tana cewa saƙon waya take aikawa, yanzu kuwa an ba ta iPad, an kuma ƙara mata ƙarfin hali a wurin korar madugun 'yan bindigar. Ƙauyen dai yana nan a arewacin Uganda, cutar da yunwar suna nan, waƙar zagin ma tana nan da kalmominta na harshen da babu mai jin sa a ƙasar.